Kafin ka canza wa tsohuwar Camry rim

Motata Toyota Camry ce ƙirar 1998, irin wadda dillalai ke kira fensir saboda siririn fitilarta ta baya. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 2.2. Ta zo hannuna da rim ɗin ƙarfe mai inci 14 da taya 195/70R14, murfin ƙafa biyu kuma sun riga sun ɓata. Sau biyu na canza mata rim. Na farko ya ci kuɗina ya bar ni da ɓacin rai, na biyu kuwa har yau tana kansa, ba girgiza ba guga. Abin da ya raba su awo ne kawai, shi kuma nake so in shimfiɗa wa duk wanda ke shirin shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka neman rim.

Ranar farko ido ne ya yi mini ciniki. Na ga wani rim mai inci 17 yana ta ƙyalli, na ƙirga ramuka biyar, mai shagon ya ce, "Alhaji, ai rami biyar ne, zai hau." Ya hau ɗin. Amma da na fita babban titi, mota ta kai gudun kilomita 90, sai sitiyari ya fara rawa a hannuna. Sau biyu aka yi balansin, rawar tana nan. Daga baya wani dattijo mai faci a unguwarmu ya cire ƙafar gaba, ya rataya rim ɗin a kan sitod, wato ƙusoshin da noti ke hawa, ba tare da noti ba, ya tura ɗan yatsansa tsakanin wuyan hob, wato ƙarfen tsakiya da ƙafa ke zama a kansa, da ramin tsakiyar rim. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Alhaji, ƙafar nan ba ta zauna a kan komai ba, reto take yi kafin a ɗaure ta." Ba a yi wata biyu ba na faɗa wani rami da ruwan damina ya rufe, leɓen rim ɗin ya lanƙwashe, tayar ta yi ƙulu a gefe.

To, ga yadda ake yi. Kafin ka bar gida, duba takardar bayanin taya da ke manne a jikin motar, a ginshiƙin ƙofar direba ko a cikin akwatin gaban mota. Girman tayar asali da iskar da ake sa mata suna nan. Sannan ka ciro safaya, idan ta asali ce, ka goge ta ka karanta lambobin da aka buga a jikin ƙarfen. Tawa 14x5.5J ce, wato faɗin da'ira inci 14, faɗin bakin da taya ke zama inci 5.5, tazararta kuma 45, wadda zan yi bayaninta a gaba. Rubuta su a takarda ka sa aljihu.

Abu na farko shi ne zaman ramukan noti. Ƙirga rami bai isa ba, don akwai da'irar da ramukan ke zaune a kanta, kuma kowane kamfani da tasa. Ta Camry 5x114.3 ce: rami biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3. Tsofaffin Mercedes irin su 190 da W124 5x112 ne. Corolla ƙirar Amurka ta 2003 zuwa 2008 5x100 ce, Peugeot 406 4x108, Golf 3 ta yau da kullum 4x100. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne rim ɗin Mercedes a kan Toyota, saboda bambancin kaɗan ne, har za a iya tura shi ya shiga. Sai dai kowane noti zai zauna a karkace, yana tanƙwara sitod ɗinsa, kuma sitod ɗin da ake tanƙwarawa kullum wata rana ɓallewa zai yi, a kan gudu. Idan babu rubutu a bayan rim, ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi: a 114.3 za ka sami kusan milimita 67.2, a 112 kuwa 65.8. Tef ɗin tela ba zai nuna maka wannan ba, sai ma'aunin ƙarfe irin na masu gurzar ƙarfe. Duk wanda ya ce maka za a ɗan buɗa ramukan da dirili, ka yi masa sallama.

Na biyu shi ne ramin tsakiya, wanda ya wahalar da ni. Wuyan hob na Camry milimita 60.1 ne. Na Honda 64.1, na Nissan 66.1, na Mazda da Hyundai da Kia yawanci 67.1. Masu ƙera rim ɗin kasuwa suna buɗa ramin sosai, sau da yawa 73.1, don ya hau motoci iri-iri. Ka ga tsakanin 73.1 da 60.1 akwai milimita 13, gurbin da yatsan dattijon nan ya shiga ke nan. Maganinsa wani ɗan zobe ne na roba mai tauri ko na alminiyam, wajensa 73.1 cikinsa 60.1, ana tura shi a bayan rim kafin a ɗora. Ba zoben ke ɗaukar nauyin mota ba, matsin noti ne ke riƙe ƙafa. Aikinsa ya tsayar da rim daidai tsakiya lokacin da ake ɗaurewa. Idan ramin rim ya fi wuyan hob ƙanƙanta kuwa, kamar rim ɗin Corolla mai 54.1, ba zai kwanta a jikin hob ba sam, kada ma ka gwada. Ka tambayi zoben tun kuna ciniki, ka ce a haɗa maka da shi, don nemansa daga baya yana da wahala.

Na uku ita ce tazara, lambar da ake rubutawa bayan haruffan ET. Tana nuna nisan da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke kwanciya a jikin hob. Lamba ta ragu, ƙafa ta fito waje. Ta ƙaru, ƙafa ta shige ciki wajen shokazoba. Faɗin rim ma yana shiga lissafin. Wanda nake kansa yanzu 15x6.5J ne mai ET40. Ya fi na asali faɗi da inci ɗaya, wato milimita 25.4, rabi ciki rabi waje, sannan tazarar ta tura shi waje da milimita 5. Saboda haka leɓen waje ya fito da kusan milimita 18, na ciki ya matsa wa shokazoba da kusan 8. Wannan Camry tana ɗauka. Amma rim mai inci 7.5 ko 8 da ET20, irin wanda samari ke so don ƙafa ta leƙo, zai riƙa gugar fenda duk sanda ka ɗauki mutum uku a baya, ya kuma ƙara wa boris wahala. Tsohuwar mota sifirin ɗinta ya riga ya ɗan zauna, gurbin da ke tsakanin taya da fenda bai kai na lokacin da take sabuwa ba. Ni shawarata kada ka yi nisa da lambar asali fiye da 5 zuwa 10.

Yanzu maganar girma, inda na fi so a saurare ni. Ƙa'idar ita ce tsayin ƙafa gaba ɗaya, rim da taya, ya tsaya kusa da na asali, don mitar gudu ta ci gaba da faɗar gaskiya, giya kuma ta riƙa canzawa a lokacinta. Lissafin ba wuya. A 195/70R14, tsayin gefen taya kashi 70 cikin 100 ne na 195, wato milimita 136.5; ka ninka biyu, ka ƙara inci 14 na rim, ka sami kusan milimita 629. Taya 205/60R15 tana ba da 627. 205/55R16 tana ba da 632. 215/45R17 tana ba da 625. Duk ukun sun yi daidai a lissafi. Amma dubi naman tayar da ya rage tsakanin rim da kwalta: daga 136.5 ya koma 123 a inci 15, kusan 113 a inci 16, kusan 97 a inci 17. Wannan naman shi ke shanye rami da tudun rage gudu kafin duka ya isa ƙarfe. Wanda ke bin hanyar ƙauye, ko yake ɗauko buhun masara a but, inci 15 ya ishe shi. 16 shi ne iyaka a ganina. Ga shi kuma tayar inci 15 ko a ƙaramin gari za ka samu in ta fashe maka da dare.

Idan na hannu za ka saya, wanda shi ne yawancin abin da ke kasuwa, kada fenti ya ruɗe ka. Juya rim ɗin ka duba cikinsa, nan ake ɓoye aibi. Bi leɓen ciki da tafin hannu, za ka ji inda aka buga aka miƙe. Nemi alamar walda, nemi siririn tsagu a gindin kowane reshe da kewayen ramukan noti, ka kuma duba ko ramukan sun zama kamar ƙwai, alamar an taɓa tafiya da shi noti a kwance. Rim ɗin aloi, wato na alminiyam, da aka yi wa walda ni ba na sa iyalina a kansa. Ka karanta lambobin duka huɗun, don ana haɗa masu kama ɗaya alhali tazararsu daban. Alamar JWL ko VIA tana nuna ma'aunin gwaji na Japan, amma ana buga ta a kan jabu ma, saboda haka kada ita kaɗai ta sa ka saki jiki. Ka roƙi mai shago a ɗora kowanne a injin balansin ba taya, a juya shi kana kallon leɓen. Mai lanƙwasa zai nuna kansa.

Taya ma ka duba haihuwarta. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Lambar nauyi kuma kada ta gaza ta asali. 91 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 615.

Saura noti, wanda mutane ke rainawa. Zaren sitod ɗin Camry M12x1.5 ne, amma mazaunin noti kala uku ne. Rim ɗin kasuwa yawanci mazauninsa mai tsini ne, kamar mazurari. Aloi ɗin da Toyota ta ƙera da kanta yana son noti mai shafaffen gindi da wosha. Na Honda na asali mazauninsa zagayayye ne kamar rabin ƙwallo. Ka sa wani a gurbin wani, zai yi kamar ya ɗauru, alhali bakinsa kaɗai ya taɓa, tafiya kaɗan ya kwance. Nissan kuma zarenta 1.25 ne, notinta zai cinye maka sitod. Ka saya wa rim notinsa, ka ajiye tsofaffi biyar a but saboda safaya, ka kuma gwada ko sifanar ƙafarka tana shiga ramukan sabon rim, don wasu matsattsu ne.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a kai da kanka. A fara gwada rim ɗaya a gaba kafin a sa masa taya, a juya shi da hannu a ga bai taɓa kalifar birki ba, tun kana iya mayar da shi. A sa sabon bawul a kowanne. A goge tsatsar fuskar hob da burushin waya har ƙarfe ya fito, don ɗan ɓawon tsatsa ya isa ya karkatar da ƙafa. Kada a shafa giris ko baƙin mai a zaren sitod. A tura zobe, a ɗora rim, a fara kowane noti da yatsu. Ya kamata ya yi zagaye takwas ko fiye kafin ya kama. Idan biyar ya yi ya tsaya, sitod ya yi gajarta ga kaurin wannan rim. Ɗauri kuma a tsallake ake yinsa, kamar ana zana tauraro, ba bi da bi ba, a matse kaɗan-kaɗan ƙafa na sama, a sauke jak a ƙarasa. Ƙarfin da Toyota ta ƙayyade wa wannan mota 103 Nm ne, kuma da sifana mai awo ake samunsa. Na sha ganin yaro ya zura fayif a sifana ya hau kai da ƙafa biyu yana tsalle. Nakan ce, "Samari, sauko, hannu ya isa." Irin wannan ɗauri shi ke miƙar da sitod, ya kuma hana ka kwance ƙafa ranar da ka yi faci kai kaɗai a hanya.

Balansin a yi shi da dalma mai mannewa ta ciki, kada a buga mai maƙalawa ta ɓata leɓen aloi. Daga nan ka murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ka leƙa ka ga taya ba ta taɓa komai ba. Ka ɗauki mutum uku a baya ku haye tudu a hankali, gilashi a sauke, kuna saurare. Ni nakan shafa alli a leɓen fenda ta ciki; in na dawo na ga farin a gefen taya, na san inda take guga. Idan tsofaffin tayoyinka gefe guda suka cinye, ka wuce wajen alaimen ranar nan, kada sababbin su bi sahu.

Bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, ka sake bin notin nan ashirin da sifana ɗaya bayan ɗaya, ƙafa a sanyaye. Aloi yakan ɗan zauna bayan ɗaurin farko. A tawa, da na sake bi washegari, noti biyu na ƙafar baya ta hagu sun ƙara motsawa kaɗan kafin su tsaya.