Yaro ya faɗo daga kan mangwaro: abin yi kafin a isa asibiti

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa, a arewacin Kamaru, ke haura digiri 40 kuma mangwaro ya nuna, mu masu aikin jinya mun san baƙin da za mu yi: yara 'yan shekara 5 zuwa 10, kowa rungume da hannunsa. Yaro in zai faɗo, tafin hannu yake dafawa, sai ƙashin dantse ya karye dab da gwiwar hannu. Wannan karayar ta fi kowace ba ni tsoro, domin babbar jijiyar jinin hannu ta nan take bi, tare da jijiyoyin da ke motsa yatsu.

Kafin a taɓa hannun, a dubi yaron gaba ɗaya. In ya suma, ko yana amai, ko yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a sungume shi. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, sauran su zura shi kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a tafi da shi a haka. Haka ake yi wa mai mashin da ya faɗi a hanyar Pitoa, kuma ba a cire masa hular kwano muddin yana numfashi lafiya. A cikin gari ana iya kiran 'yan kwana-kwana a lamba 118.

In hannun ne kawai, a fara cire zobe, awarwaro ko kambu tun kumburi bai kama su ba. Kada a ja, kada a miƙar, kada a ce bari a gwada ko zai motsu. Yadda aka same shi, haka za a tallafe shi. A yanko kwali mai kauri, a lanƙwasa shi, a shimfiɗa zani a ciki, a kwantar da hannun. Tsawon kwalin ya wuce gaɓar da ke sama da karayar da wadda ke ƙasa. A ɗaure da tsumma mai faɗi a sama da ƙasa, ban da kan karayar, sannan a rataye hannun a wuya da kallabi. Yatsu kuwa a bar su a waje, dole ne a riƙa ganinsu.

Ga dalili. Uwa, ki danna farcen yaron har ya yi fari, ki saki. Cikin daƙiƙa 2 ya kamata jan ya dawo. Ki ce ya motsa yatsu, ki taɓa kowanne ki tambaye shi ko yana ji. Ki maimaita a hanya. In yatsanki bai iya shiga ƙarƙashin ɗaurin ba, ya yi tsauri.

A nan nake son mu yi magana ta gaskiya kan ɗori. Maɗoranmu dattawa ne masu mutunci, kuma na san kuɗin hoton ƙashi ne ke kai yawancin iyaye wurinsu. Amma karaya takan ci gaba da kumbura har kwana 2 zuwa 3. In an jera karare an tamke da igiya tun ranar farko, kumburin ba shi da inda zai tafi, sai ya matse hanyar jini. Cikin kamar awa 6 tsoka ta fara mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Na riƙe irin wannan hannu da hannuna: yatsu sun yi sanyi ƙalau, sun kumbura sun yi baƙi-baƙi, fata ta yi bororo tsakanin kararen. Uwar ta ce da ni, "Malama, Baba maɗori ya ce kada a kwance sai an kwana bakwai." Na ce, "Yaya, don girman Allah mu kwance yanzu."

Ciwon da ke ƙaruwa duk da an sha magani, ihu in an miƙar da yatsu, yatsu su yi sanyi ko su mutu da ji, kowanne daga cikinsu ya isa a sassauta ɗauri a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne.

In ƙashi ya huda fata, kada a tura shi ciki, kuma kada a zuba toka, garin magani ko baƙin man inji. A rufe da tsumma mai tsabta, a danna gefen raunin don tsayar da jini. Wannan yana bukatar wanki a ɗakin tiyata, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da allurar tetanus, a ranar. Karayar cinya ma ba ta jira: babba yana iya zubar da jini lita 1 zuwa 1.5 a cikin cinyar ba a ga ɗigo ko ɗaya a waje ba, alhali duk jinin jikinsa kamar lita 5 ne. A sa zani tsakanin ƙafafun, a haɗe su a ɗaure, lafiyayyar ta tallafi karyayyar. Kada a ba shi abinci ko ruwa, domin wataƙila a sa shi barci a yi masa aiki. Kafaɗar da ta goce ita ma ba a fizgarta a gida.

Targaɗe ya fi sauƙi. A sayo ƙanƙarar leda, a naɗe ta a tsumma, a ɗora minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan awa 2 ko 3. A ɗage ƙafar kan matashi. Kwana 2 na farko ban da gashi da ruwan zafi, ban da man zafi da murza, duk suna ƙara kumburi. Farasitamol ya isa, yara kuma ba a ba su asfirin. Wanda ya kasa taka ƙafar taku 4, ko ainihin ƙashin idon sawunsa ke zafi in an danna, a ɗauki hoto.

A asibiti ku faɗi ƙarfe nawa ya faɗo, ƙarfe nawa ya ci abinci na ƙarshe, da duk maganin da aka ba shi ko aka shafa masa. In an sa siminti an sallame ku, ku ci gaba da duba yatsun nan a gida har kwana 3, kuna ɗage hannun kan matashi.