Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa lissafin direban tasi mai guntayen takardu

Ba kasafai direban tasi mai zaman kansa yake zuwa wurin akanta da cikakken littafi ba. Abin da yakan kawo shi ne tarin rasit na mai, wasu ma sun koɗe, da takardun banki na 'yan watanni, sai kuma abin da ya iya tunawa. Daga nan ake so a fitar da ribar shekara, ko don haraji ko don neman rance. Aikin yana yiwuwa, amma akwai wuraren da ake yawan zamewa, kuma idan lissafin ya karkace, direban ne zai kwana a ciki.

Kuskuren da ya fi kowanne shi ne ɗaukar abin da ya shiga banki a matsayin cinikin shekara. Direba yana karɓar tsabar kuɗi daga fasinja, ya sha mai a ciki, ya sallami mai faci, ya bar wani abu a gida, ragowar ce kawai take kaiwa banki. Wanda ya tsaya kan takardar banki ya rage cinikin ke nan, kuma jami'in haraji mai lura zai gano. Gyaran shi ne a sake gina lissafin kuɗin hannu: a haɗa abin da aka kai banki, da abin da aka kashe wa mota da tsaba, da abin da direban ya ɗiba don kansa, da abin da ya rage a hannunsa ƙarshen shekara, sannan a cire wanda yake hannunsa tun farkonta. Abin da ya fito shi ne cinikin tsaba, har da tukuicin da fasinjoji suka ba shi. A kula da ɗaya gefen ma: ba duk kuɗin da ya shiga asusu ne ciniki ba. Rance, ko gudummawar ɗan'uwa, ko kuɗin tsohuwar mota da aka sayar, duk a ware su.

A cikin wannan lissafi, adadi mafi wuyar samu shi ne abin da ya ɗiba don kansa. In ka tambaye shi kai tsaye, zai faɗi ƙasa da gaskiya, ba don ha'inci ba, don ba wanda ke riƙe irin wannan a ka. Sai an zauna da shi an bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya: haya, abinci, kuɗin makaranta, magani, a ga wanne aka biya ta banki, wanne aka biya daga aljihu.

Ko an yi haka, kuskure ne a gamsu da hanya ɗaya. Motar kanta shaida ce, kuma ni na fi yarda da ita a kan tunanin kowa. Takardun sabis da na gwajin lafiyar mota sukan nuna kilomitar da mita mai ƙirga nisan tafiyar mota ta karanta a ranar, don haka ana iya gano tafiyar shekara. A ce mota ta yi kilomita 50,000, kuma 5,000 daga ciki zirga-zirgar gida ce. Saura 45,000. A ce kashi 40 cikin ɗari na wannan yawon neman fasinja ne ko dawowa fanko; wanda aka biya shi ne 27,000. A ninka shi da matsakaicin abin da yake caja a kilomita, a kwatanta da abin da lissafin kuɗin hannu ya bayar. Idan sun yi kusa, hankali ya kwanta. Idan sun yi hannun riga, akwai abin da ba a faɗa ba tukuna. Haka ake auna mai: in motar tana cin lita ɗaya a kilomita 10, shekarar tana buƙatar lita 5,000. Rasit ɗin da ke hannu in lita 3,000 suka nuna, to sauran ɓacewa suka yi, kuma zalunci ne a hana direba wannan kuɗin alhali mitar tana ba shi shaida.

Masu aiki da manhaja irin su Uber ko Bolt suna da nasu tarkon. Abin da ke shiga asusun direba an riga an cire kamasho. A sauke bayanan tafiye-tafiye daga manhajar, a rubuta cikakken kuɗin mota a ciniki, kamashon kuma a cikin abin da aka kashe. A duba tafiyar da fasinja ya biya da tsaba, kada a ƙirga ta sau biyu.

Sai batun motar. Kuɗin sayenta ba na shekara ɗaya ba ne. Kadara ce, ana rarraba raguwar darajarta a kan shekarun da za ta yi aiki, hukumar haraji kuma tana da nata tsarin na rangwame da ya kamata a duba. In da rance aka saye ta, kuɗin ruwa ne kaɗai ke shiga cikin abin da aka kashe, uwar kuɗin kuwa rage bashi take yi. Mai, taya, inshora da gyara, a cire musu kason amfanin gida. A misalinmu kashi 10 cikin ɗari ke nan. Wasu ƙasashe sun yarda a yi amfani da ƙayyadadden kuɗi a kan kowace tazara maimakon ainihin abin da aka kashe, amma ba a haɗa biyun. Tarar karya dokar hanya kuwa, a mafi yawan wurare ba a cire ta daga ribar da za a yi wa haraji.

Inshorar da aka biya a tsakiyar shekara, watannin da suka faɗo cikin shekarar kawai za a ɗauka. Bashin bakanike da ba a biya ba tukuna, shi ma a sa shi.

Idan takardun sun yi ƙaranci ƙwarai, a koma kwatanta jari. A lissafa abin da sana'ar ta mallaka, a cire bashin da ake bin ta, a farkon shekara da ƙarshenta. Jarin ƙarshe, a cire na farko, a ƙara abin da ya ɗiba, a cire sabon kuɗin da ya zuba daga waje: ribar ke nan.

Duk inda aka yi ƙiyasi, a rubuta cewa ƙiyasi ne, da abin da aka dogara da shi, direban ya karanta ya sa hannu. Kafin ya tashi kuma a roƙe shi abu uku: ya buɗe asusun banki na mota kaɗai, ya riƙa ɗaukar hoton mita da na rasit da wayarsa, ya kuma rubuta cinikin kowace rana kafin ya kwanta.