Yadda Nake Daidaita Bangon Littafi Mai Kashi-Kashi, Daga Na Ɗaya Har Na Ƙarshe

Marubuci in ya shigo shagona a nan Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina, da littafi a filashi ya ce bango yake so, kafin mu yi maganar kuɗi tambaya ɗaya nake masa: "Malam, wannan shi kaɗai ne, ko akwai ƙannensa a hanya?" In ya ce akwai na biyu da na uku, to aikin ya canza. Ba bango ɗaya zan zana ba. A ranar zan zana dukkansu, har wanda bai fara rubutawa ba, ko da kuwa na ɗaya kaɗai za a kai maɗaba'a a wannan watan. Yawancin littattafan da za ka gani a kantar masu sayarwa a babbar kasuwa, na ɗaya dogo, na biyu gajere, sunan marubuci a sama a wannan a ƙasa a wancan, abin da ya same su ke nan: kowane bango an zana shi shi kaɗai, wata shida ko shekara tsakani, wani lokaci ma a hannun mutum daban.

Fara da girman littafin, domin shi ne abin da ba ya gyaruwa daga baya. Yawancin littattafanmu na Hausa a kan A5 ake shirya su, wato milimita 148 a faɗi, 210 a tsawo. Amma wannan a kwamfuta ne. Bayan an naɗe, an ɗinke, an kai ƙarƙashin injin yanka, abin da zai fito ya danganta da hannun mai yankan. Wani zai bar maka 208, wani ya ci har 203. Don haka da zarar na ɗaya ya fito, ɗauki rula ka auna ainihin littafin, ka rubuta. Ranar da za a yanka na biyu kuma, kwafin na ɗaya ya kasance a kan teburin mai yanka. Kada ka tura masa lamba a waya kawai. Ni yaron shagona nake ba kwafin, in sa shi motar Kano ko ta Kaduna, duk inda ake bugun, in ce kada ya baro wurin sai ya jera su biyu ya shafa samansu da tafin hannu ya ji babu tudu.

Sai gadon baya, wato siririn gefen nan da ake gani in an jera littattafai a kanta. A nan aikin yake, kuma a nan zan daɗe.

Faɗinsa ba kai ke zaɓa ba, takarda ce ke zaɓa. Raba yawan shafuka biyu ka sami yawan fallaye, sai ka ninka da kaurin falle ɗaya. Farar takarda mai nauyin giram 80 kaurinta na kusa da milimita 0.1, don haka littafi mai shafi 160, falle 80 ke nan, gadon bayansa zai kai wajen milimita 8. Mai shafi 224 zai haura 11 kaɗan. Takarda mai giram 60 ko 70 ta fi haka siranta, kuma ko giram ɗin ɗaya ne, kamfani da kamfani suna bambanta. Hanyar da ta fi tabbas ita ce ka je inda takardar take, ka auna kaurin rim guda, falle 500, ka raba da 500. Wadda ta fi wannan ma, ka ce su ƙirga maka fallayen littafin daga takardar da za a yi bugun da ita, su matse, ka auna.

Daga nan lissafin fayil ɗin bango mai sauƙi ne. Bangon baya 148, gadon baya 8, bangon gaba 148, ka ƙara milimita 3 a kowane gefe na rarar da wuƙa za ta cinye: faɗi 310, tsawo 216. A littafi na biyu abu ɗaya ne kawai zai motsa a wannan lissafin, shi ne lambar tsakiya. Sauran duk a kulle.

Yanzu abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Littafi a kan gindinsa yake tsayuwa. Saboda haka duk abin da za ka ɗora a gadon baya, daga ƙasa za ka auna shi, ba daga sama ba, ba kuma ka bar wa kwamfuta ta tsakaita maka ba. In tambarin mawallafi yana milimita 12 daga ƙasa a na ɗaya, haka zai zauna a na biyu da na uku. Lambar littafin, a ce, milimita 35 daga ƙasa. Sunan marubuci ya fara daga wuri kaza. Ko da mai yanka ya ɗan ci saman wani, layin ƙasa zai tafi a miƙe, kuma shi ido ke fara kamawa. In ka tsakaita, sunan da ya fi tsawo zai ture komai, lambobi su riƙa hawa da sauka. A manhajar zane ta CorelDRAW ina jan layukan jagora a waɗannan wuraren in kulle su, in adana fayil ɗin da sunan "uwa". Daga uwar nan kowane bango ke fita, ba daga bangon da ya gabace shi ba, domin ƙaramin kuskure in ya shiga na biyu zai bi na uku ya ƙaru.

Girman rubutun gadon baya kuwa, littafin da ya fi siranta shi ke yanke hukunci. In na uku zai zama milimita 7, rubutun da zai zauna a 7 da sarari a gefe da gefe shi za ka sa wa dukkansu, har mai 11. Zuciya za ta raya maka ka ƙara girmansa a mai kauri tunda ga fili. Kada ka bi ta. Ka bar aƙalla milimita ɗaya da rabi fanko a kowane gefe, saboda wajen manna bango da gam littafi yakan ɗan goce, kuma babu maɗaba'ar da za ta yi maka alkawarin ba zai goce ba. Saboda wannan gocewar ne ma ba na son launin gadon baya ya tsaya cak a kan lanƙwasa. Ina barinsa ya zarce bangon gaba da na baya da milimita 5 ko fiye, ko kuma launi ɗaya ya zagaye duka. In gadon bai kai milimita 5 ba, haƙura da rubutu a kansa. Ƙananan littattafan da ake ɗinkewa da waya a tsakiya ba su da gado ma sam, nasu daidaiton duk a fuska yake.

Rubutun ya kwanta ta fuska ɗaya a dukkansu. Littattafan Ingila da Amurka daga sama zuwa ƙasa ake karanta gadonsu, na Faransa da Jamus galibi daga ƙasa zuwa sama. Mu da muke maƙwabtaka da Maraɗi muna ganin iri biyun a kanta ɗaya. Ni na farkon nake bi a littafin boko, don in an kwantar da littafi fuskarsa na sama rubutun zai karantu daidai. Wanda duk ka ɗauka, ka tsaya a kansa. In kuma littafin Larabci ne ko na ajami, daga dama ake buɗe shi, don haka a fayil bangon gaba yana hagu, na baya yana dama.

Akwai buƙatar da malamai ke yawan zuwa da ita. Duk wanda ya shiga zauren malami a cikin gari ya ga manyan littattafan tafsiri da hadisi bugun Beirut da Alƙahira, mujalladi goma ko fiye, sunan littafin da ruwan zinare ya ratsa gadon bayansu gaba ɗaya, kowane mujalladi na ɗauke da yankinsa. Abin yana da kwarjini. Wani dattijo da ya kawo mini darussansa na fiƙihu kashi huɗu ya ce irin wannan yake so. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, duka huɗun sun kammala?" Ya ce biyu suna hannu, biyu ɗalibai na kan bugawa. Na ce to mu jira ɗaliban. Irin wannan zane ba ya yiwuwa sai ka san faɗin kowane gado tun farko: ka jera su a fayil ɗaya kamar allo guda, kowanne da ainihin faɗinsa, ka rubuta sunan a kansu, sannan ka yayyanka, kowane yanki ka kai shi bangonsa. Kuma a buga su lokaci ɗaya, a takarda ɗaya, a yanka a wuƙa ɗaya. Ka kuma kula kada yankan ya faɗo a tsakiyar ƙaramin harafi, don tsakanin littafi da littafi akwai ɗan rata da kaurin bango ke haifarwa. Ga marubuciyar labari da ba ta ma san ko a na uku za ta tsaya ko sai na biyar ba, ba na ba da wannan shawara ko kaɗan. Zare ɗaya mai launi da ya ratsa gadon a tsayi ɗaya ya isa ya haɗa su, kuma ba ya damuwa da kauri.

Fuskar bango ba ta da wahala in ka yarda da abu guda: daidaito ba ya nufin su zama hoto ɗaya. Kamar anko ne, atamfa ɗaya, amma kana gane kowace mace. Sunan littafi, wurinsa da salon haruffansa, sunan marubuci, da gidan da lamba ke zama, waɗannan ba sa motsi. Hoto ya canza, ko launi ɗaya ya canza, amma ba komai da komai ba. Kuma lambar ta fito ƙuru-ƙuru. Mai sayen littafi a Filin Bugu ko bakin makaranta bai kamata ya koma gida da na biyu alhali na uku ya zo nema ba. Yanzu da yawancin talla a WhatsApp da Facebook ake yi, ina ƙanƙance bangon a allo har ya koma kamar kan babban yatsa, in lambar ba ta karantu ba in ƙara mata girma. Salon rubuta ta ma ɗaya: in ka fara da "1", kada na gaba ya zama "Na Biyu", na bayansa "Kashi na 3". Ka bar wurin da zai ɗauki lamba biyu, ko da marubucin ya rantse ba zai kai goma ba.

Sunan marubuci a yi maganarsa tun ranar farko. Tsakanin na ɗaya da na uku mutum kan je Makka, ko ya gama digiri na uku a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zama Dakta, mace kan yi aure ta so ƙara suna. Nakan ce, "Hajiya, yadda muka rubuta shi yau haka zai tafi har ƙarshe, sauran laƙabi mu kai su bangon baya wajen tarihin marubuci." Yawanci sukan yarda in aka faɗa da wuri.

Salon haruffa kuma a gwada shi da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana, kafin a zaɓe shi. Sunan na ɗaya zai iya zuwa babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya, ka zaɓi wani kyakkyawan salo, sai na biyu ya zo da "Ƙ" a farkon suna ka tarar salon ba shi da ita. Kwamfuta za ta aro ta daga wani salon, ta fito bare a tsakiyar kalma. Noto Sans da Charis SIL da Gentium duk suna da su. Kafin fayil ya bar hannunka ka mayar da rubutun zane (Ctrl+Q a CorelDRAW), amma ka ajiye kwafin da rubutunsa ke gyaruwa, tare da fayil ɗin salon kansa.

Launi da lamba ake riƙe shi, ba da ido ba. "Kore irin na wancan" ba magana ba ce. Yi aiki a CMYK, wato tsarin launuka huɗu na tawadar maɗaba'a, ka rubuta lambobin huɗu na kowane launi, hotuna kuma su kai 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. Ledar da za a shafa wa bangon ta zama iri ɗaya, don mai sheƙi tana ƙara wa launi duhu da ƙarfi, marar sheƙi tana kwantar da shi, ko da tawadar ɗaya ce. In gwajin na biyu ya fito, kwafin na ɗaya da za ka kwatanta da shi ya zama wanda ka ɓoye a durowa. Wanda ya yi wata uku a gaban shago ranar Katsina ta riga ta sha ja da rawayansa, ƙurar hunturu ta ƙarasa sauran, in ka bi shi za ka ɓata sabon. Ka duba su a hasken rana a inuwa, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Fayil kuma in ta WhatsApp za ka tura, a matsayin takarda za ka tura shi, PDF, don in ka tura a matsayin hoto manhajar za ta matse shi.

Bangon baya: kowane kashi da lambar ISBN tasa, wato lambar shaidar littafi mai lamba 13, wadda a Najeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa. Kada a kwafi ta na ɗaya a manna wa na biyu. Farin akwatin da layukanta ke zama ya tsaya wuri ɗaya, girma ɗaya.

In kuwa an kawo maka na biyu ne alhali wani ya zana na ɗaya kuma fayil ya ɓata, wanda shi ya fi faruwa, to rula da sikana ne abokan aikinka. Auna komai daga ƙasa, ka sake gina uwar da kanka, ka buga gwaji a firinta, ka yanke, ka naɗa a jikin wani littafi mai irin kaurin, ka tsayar da shi kusa da na ɗaya ka ja da baya taku uku. In salon haruffan ya ƙi samuwa, gaya wa marubucin gaskiya, ku zaɓi mafi kusa, sannan in na ɗaya ya ƙare za a sake bugu a sa masa sabon bangon. Duk ma'aunan nan, da nauyin takarda da irin leda da sunan maɗaba'a, ina rubuta su a falle ɗaya in buga kwafi biyu, ɗaya a durowata, ɗaya a hannun marubucin, uwar fayil kuma in tura masa ta imel ranar da ya biya cikon kuɗinsa.