Yadda za ka kalli wasan talabijin kan wanda aka zartar wa hukuncin kisa bisa zalunci

In ka zauna kallon irin wannan wasan na Amurka, kada kukan uwar wanda ake tuhuma ya ɗauke maka hankali tun farko. Fara da mutum 12 ɗin nan da ke zaune gefen alƙali, masu yanke ko an yi laifi. Ƙirga su. Baƙar fata nawa ne a ciki? Nan zaluncin yake ɓuya, shi ya sa a 1986 Kotun Ƙolin Amurka ta hana lauyan gwamnati cire mutum daga cikinsu saboda launin fata.

Sai ka kasa kunne wajen amsa laifi. Wa ke cikin ɗakin da 'yan sanda ke yi wa wanda ake tuhuma tambayoyi? Akwai lauya?

Ni dai da labarin George Stinney nake auna kowane wasa irin wannan, kuma har yau yana ci mini rai. Yaro ne ɗan shekara 14 a garin Alcolu, jihar Carolina ta Kudu. A 1944 aka zarge shi da kashe yara mata biyu farar fata. Aka yi masa tambayoyi ba iyaye, ba lauya. Masu yanke hukuncin duk farare ne, kusan minti 10 kacal suka yi. A watan Yuni aka kashe shi a kujerar lantarki. Sai a 2014 wata alƙaliya ta soke hukuncin.

In wasan ya ce labarin gaskiya ne, nemi sunan shari'ar ka karanta da kanka, domin marubuta kan haɗe mutane da yawa su zama ɗaya.