Yadda Ake Gane Saƙon Imel Na 'Yan Damfara A Wurin Aiki

Tsakanin 2013 da 2015, wani ɗan ƙasar Lituweniya ya riƙa aika wa Google da Facebook takardun neman biyan kuɗi na bogi da sunan kamfanin Quanta Computer na Taiwan, wanda suke hulɗa da shi da gaske. Ya wawure sama da dala miliyan 100. Ma'aikata ne suka karanta saƙo, suka gaskata, suka biya. Abin da ɗan damfara ke nema ke nan: ka yi aiki kafin ka yi tunani. Shi ya sa saƙonsa kullum da gaggawa yake zuwa, "za a rufe asusunka nan da awa 24", ko "Oga na cikin taro, a tura kuɗin yanzu."

Fara da adireshin mai aikowa, ba sunansa ba. Kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama. Danna kan sunan don cikakken adireshin ya fito, sannan ka karanta abin da ke bayan alamar @ harafi bayan harafi. Idan aka jera r da n suna kama da m, don haka rnicrosoft.com kan wuce idon mai sauri. Haka ake sauya o da sifili, ko l da 1. Danna maɓallin amsawa ma, ba don ka aika ba, sai don ka ga inda amsar za ta nufa. In adireshin ya canza, mai yiwuwa an karkatar da ita ne.

Sai mahaɗin da ke cikin saƙon, wato rubutun da ake dannawa ya kai ka wani shafin intanet, kuma nan ne ya fi cancantar a tsaya. Ɗora linzamin kwamfuta a kansa ba tare da ka danna ba, ainihin adireshin zai bayyana a ƙasan allo. A waya, ka dafe shi na ɗan lokaci. Nemo alamar / ta farko bayan https://, ka karanto daga nan ka yi baya. A microsoft.com.tabbatar-asusu.net/shiga, mai shafin shi ne tabbatar-asusu.net, sunan Microsoft ado ne kawai aka maƙala a gaba. Hoton kwaɗon kulle da ke gefen adireshi ba shaida ba ne, domin shafukan bogi ma suna da shi. Mafi tsaro, ka buɗe sabon shafi ka rubuta adireshin da ka sani da hannunka. Lambar QR, wato zanen ɗigo-ɗigo mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya, da ta zo cikin imel ita ma mahaɗi ce, ana amfani da ita ne don a kai ka kan wayarka, inda kariyar ofis ba ta kaiwa.

Fayil ɗin da ba ka tsammani, kar ka buɗe, musamman mai ƙarewa da .exe, .zip, .iso ko .html. Takardar Word ko Excel da ta ce sai ka kunna wani maɓalli kafin rubutu ya fito, rufe ta.

A da ana cewa a lura da kuskuren rubutu. Wannan alamar ta yi rauni, tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke rubuta saƙo tsaf. Wani lokacin ma saƙon daga asusun abokin aikinka na gaskiya yake fitowa, bayan an yi masa kutse. Don haka duk buƙatar da ta shafi kuɗi, sauya lambar asusun banki, albashi ko kalmar sirri, a tabbatar da ita ta wata hanya daban. Kira mutumin ta lambar da ke hannunka tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba. Kunyar tambayar shugaba ta sa ofisoshi da yawa sun yi asara, alhali kiran minti ɗaya ya isa.

Kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida daga wayarka bayan kalmar sirri, amma in wayarka ta nemi ka amince da shiga asusu alhali ba kai ka nema ba, ƙi amincewa, ko da sau goma ta tambaya. Wani ne ya riga ya samu kalmar sirrinka.

Saƙon da ka zarga, kai rahotonsa ta maɓallin da Outlook da Gmail suka tanada ko ga sashen kula da kwamfutoci. Kar ka tura wa abokan aiki don su gani.

In ka riga ka danna, kar ka ɓoye. Idan fayil ka buɗe, cire kwamfutar daga intanet, ka bar ta a kunne don masu bincike su ga sawun abin da ya shiga. Idan kalmar sirri ka rubuta, sauya ta daga wata na'ura, har da duk inda ka maimaita ta. Sashen kwamfuta kuma su fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, su duba ko an saka umarnin tura saƙonninka zuwa waje a ɓoye. In kuɗi ya fita, a kira banki nan take, domin a awannin farko ne aka fi samun damar tsayar da shi kafin a kwashe.