Yadda za ka ceto hotunan yawon Sallah na Gidan Zoo kafin gara da danshi su riga ka

Duk wanda ya tashi a Kano yana da zamanin Gidan Zoo da yake kewa. Wani na farkon shekarun 1970 ne, lokacin da Gwamna Audu Bako ya kafa wurin. Wani kuma na shekarun 1980 da 1990, lokacin da yara ke tara kuɗin barka da Sallah, a kalli Hawan Daushe, washegari a ɗunguma ganin zaki da kura da jimina, a hau lilo, a jeru gaban mai hoto cikin sababbin kaya. Abin da ya saura na wannan zamani yana cikin adakar iyayenmu mata da tsofaffin albam, kuma kowace damina sai an yi asarar wani abu a ciki. Ga yadda ake ceto shi.

Ka yi aikin da rani, lokacin da iska ta bushe, a ɗakin da ƙura ba ta shiga. Wanke hannu, ka busar sosai, ka riƙa kama hoto ta gefe, domin maiƙon yatsa yana barin tabon da ba ya fita. Kada ka goge fuskar hoto da tsumma. Ƙurar hunturu tana da yashi, za ta karce shi. Burushi mai laushi ya isa. Hoton da ya nannaɗe saboda bushewa, kada ka miƙe shi da ƙarfi, fuskarsa za ta tsattsage. Sa shi tsakanin farar takarda biyu, ka ɗora littattafai masu nauyi, ka bar shi mako guda.

Babbar matsala ita ce albam ɗin nan mai shafi mai danƙo da leda a sama. Danƙon ne yake mayar da hoto rawaya, kuma bayan shekaru yakan riƙe shi gam. Tun kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton shafin gaba ɗaya da waya, saboda jerin da mai albam ya yi shi ma labari ne. Sannan ka nemi zaren sakace haƙori marar kaki a kemis, ka zura shi ƙarƙashin kusurwa ɗaya, ka riƙa jan sa hagu da dama a hankali. In ya ƙi, ka hura wa bayan shafin iska mai ɗumi kaɗan da abin busar da gashi, na 'yan daƙiƙu. In har yanzu ya ƙi, ƙyale shi, a kwafe shi a inda yake. Haka ma hoton da ya manne da gilashin firam: in ka ɓamɓare, fuskokin mutane za su bi gilashin. A kwafe shi ta cikin gilashin kawai.

Mai fumfuna, ware shi daban, ya bushe a inuwa, sannan ka kaɗe da burushi a waje. Nagatif, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, in yana tsami kamar ruwan khal, ya fara ruɓewa ke nan. Raba shi da sauran, kuma shi za a fara kwafewa.

Abu ɗaya da ya kamata a daina shi ne kai tsohon hoto a yi masa laminatin. Zafin injin da gam ɗin ledar suna lalata shi, kuma ba a iya warware aikin.

A shagon kwamfuta, ka ce a yi sikanin a 600 dpi (yawan ɗigo a kowane inci), mai launi, ko da hoton baƙi da fari ne. Hoto mai santimita 10 da 15 zai fito da ɗigo kusan 2400 da 3600, wanda ya isa a faɗaɗa shi har a karanta allon da ke jikin keji. Nagatif yana buƙatar 2400 dpi ko fiye. Yawanci in ba ka yi magana ba, da ƙaramar lamba za a yi maka don sauri. A kwafi bayan hoton ma, don nan ne hatimin mai hoto da rubutun hannu suke. Ka ajiye na asali a TIFF, nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto, ba tare da gyara ba, ka yi gyaran launi a kan kwafin JPEG, nau'in da waya ta saba amfani da shi. Jan da tsofaffin hotuna ke yi, shuɗin rinin ne ya koɗe, kuma ana iya rage shi a kwamfuta. In da waya za ka ɗauka, kashe fitilarta, ka shimfiɗa hoton kusa da taga inda rana ba ta dukansa, ka riƙe wayar daidai samansa. Wajen tura wa 'yan uwa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi ya rasa kaifi.

Gano shekara shi ne aikin da ya fi daɗi. Sallah tana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka yanayin da ke cikin hoton shaida ne. Ƙaramar Sallah ta 1980 a watan Agusta ta faɗo, ciyawa shar. Ta 1990 a ƙarshen Afrilu, tsakiyar zafi. Ta 1999 da ta 2000 a Janairu, ga hazo ga yara da rigar sanyi a kan shadda. Amma sai ka tabbatar wace Sallah ce, tunda Babbar tana zuwa wata biyu da kwana 10 bayan Ƙaramar. Wayar salula a hannun wani galibi tana nufin 2001 ko bayanta. Naira ta maye gurbin fam a 1973, amma in tsoho ya ce da sule aka shiga, kada ka yanke hukunci, don an daɗe ana kiran kwabo 10 sule.

Sai zama da manya. Kada ka ce "Hajiya, ba mu labarin Gidan Zoo", za a ce maka an manta. Miƙa mata hoto ɗaya, ka nemi izinin ɗaukar murya, ka yi tambaya ƙarama: "Hajiya, wa ya ɗinka wannan atamfar?" "Kawu, a wace mota kuka je?" "Gwaggo, wannan goyon wa ke nan?" Shekarar haihuwar jaririn da ke goye takan warware komai. Hoto biyar zuwa goma sun isa a zama ɗaya. Hoton matan aure da na mamata, a tambayi masu shi kafin a sa a intanet.

Sunaye da shekara, da fensir mai laushi ake rubuta su a baya, a gefe. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana ratsawa. Ka jera hotunan da farar takarda a tsakani, cikin akwatin roba mai murfi, da ƙunshi biyu ko uku na ƙwayoyin tsotse danshi irin na kwalin takalmi. Ɗora akwatin a kan kanta, nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙa, kuma ba kusa da rufin kwano ba. Kwafin kwamfuta ya zama uku: a kwamfuta, a filash da za a ajiye a wani gida, da kuma intanet. Ka buɗe akwatin a farkon damina da ƙarshenta ka duba ko gara ta yi hanya.