Idan ka ji rauni a bakin aiki, ga yadda ake neman diyya

Na daɗe ina riƙe da littafin albashi a wani kamfanin gine-gine a nan Sakkwato, kuma na lura yawancin leburori da birkiloli ba su san doka ta tanadar musu diyyar rauni ba. Dokar ta shekarar 2010 ce, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, wato NSITF, ke riƙe da asusun diyyar. Mai kamfani ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, kuma an hana shi cire ko kwabo daga albashinka da sunan wannan. Dokar ta haɗa da ma'aikacin dindindin, da na wucin gadi, da ɗan koyo, har da mai aikin yini. Ba sai ka kawo hujjar laifin wani ba. Ya isa a ce a bakin aiki abin ya same ka, ko a hanyarka tsakanin gida da wurin aiki.

Fara da asibiti. Na san halinmu, ƙafa na karyewa sai a saka mutum a Keke Napep a nufi gidan mai ɗori. Ban raina masu ɗori ba, amma mai ɗori ba ya ba da takarda, ita kuwa hukuma takarda take dubawa. Ka je Asibitin Ƙwararru, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko asibitin ƙashi na Wamakko. A yanka maka kati, a ɗauki hoton ƙashin, ka faɗa wa likita a wurin aiki ne don ya rubuta haka da kwanan wata. Duk rasit, ko na bandeji ne, ka adana shi a leda.

Daga nan kana da kwana 14 ka sanar da mai kamfani. Idan kana kwance, matarka ko ɗan'uwanka na iya yi. Kada ka tsaya ga faɗa wa fomen da baki, domin gobe yana iya cewa bai tuna ba. A rubuta sunanka, da rana da lokaci, da wurin, da yadda abin ya auku, da irin raunin. A yi kofi biyu, a buga wa naka hatimi a ofis. Ka riƙe sunayen waɗanda suka ga faɗuwarka, don masu aikin yini yau suna nan, jibi sun koma wani gini. Shi kamfani kwana 7 doka ta ba shi ya kai rahoto NSITF. Neman diyyar kuma cikin shekara ɗaya ake shigar da shi; akan ɗaga har shekara 3 idan akwai uzuri mai ƙarfi, amma kada ka dogara da haka.

Akwai ranar da za a zo dubiya daga kamfani da kuɗi a ambulan, a ce maka, "Malam, ƙaddara ta, ka yi haƙuri." Ƙaddara ce, ba musu. Ka karɓi taimako ka yi godiya, amma kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Ko da ka sa hannu cewa ka yafe diyya, doka ba ta amince da irin wannan yarjejeniya ba, sai dai takan jawo jayayyar da za ta cinye maka watanni.

Wanda ya nakasa har ba ya iya aiki kwata-kwata ana biyan shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, haka ake biyan iyalinsa. Akwai kuma kuɗin magani da ƙafar roba ga wanda aka yanke wa.

Rigima takan taso a kan abu biyu: ko a ce raunin ba na aiki ba ne, ko a rage girman nakasar. Idan hukuncin NSITF bai yi maka ba, ka rubuta wa hukumar ta sake dubawa cikin kwana 180, ka haɗa da rahoton likitanka. Idan ta tsaya a kan bakanta, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Sakkwato. A wannan mataki ka nemi lauya ko shugabannin ƙungiyarku ta ƙwadago.

Tun kana da lafiya, ka tambayi akawunku ko kamfani ya yi rajista da NSITF kuma yana biya. Idan ya fara kame-kame, ka je ofishin hukumar da kanka ka tambaya.